Motar Ƙaro

Ni dai ban taɓa ƙaunar motar nan ba, kuma tsufa bai sa na fara ba. In na ce mota kada wani ya zaci irin wadda ake shiga. Tsawonta bai cika tafin hannuna ba. A ɗan kwali ta shigo gidanmu, gunduwa-gunduwa, a shekarun da aka tare gulbi a Bakolori.

Maigidana marini ne, ɗan marini, jikan marini. Ba zan faɗi sunansa ba, ban faɗa yana raye ba balle yanzu. Malam nake ce masa. Ƙauyenmu yana gefen gulbi ta wajen Maradun, kuma a nan karofinsu yake, ramukan rini a jere ƙarƙashin wata tsamiya. Malam ba ya buƙatar tsoma tsumma ya gwada. Zai ɗaga murfin rami ya shinshina, ya dubi kumfar, ya ce ya nuna ko bai nuna ba, kuma yadda ya faɗa haka za a tarar. Daga Jangebe har Garbadu ana kawo masa saƙi. Hannuwansa shuɗi ne har wuyan hannu, da su na same shi, da su yake cin tuwo. Ƙawayena sun sha tsokanata wai in ban yi hankali ba 'ya'yana za su fito launin babbar riga.

Sai aka ce mu tashi, ruwa zai zo. Ba zan shiga zancen diyya ba, don in na shiga ba mu fita yau. Abin da zan ce kawai shi ne, mai awaki ya kora awakinsa, maƙeri ya ɗaure uwar maƙerarsa a jaki, amma ramin rini ba a ɗaukarsa a ka. Fadamar da ake noma baba, ganyen da ake rini da shi, ita ma ta tafi ƙarƙashin ruwa. Inda aka sauke mu tudu ne mai tsakuwa, kuma abin haushi, mu da ruwa ya kora, sai ga mu muna tafiya mai nisa neman na sha. Abu ɗaya Malam ya fito da shi daga karofi, muciyar da yake motsa rami da ita, wadda ta ubansa ce. Ya jingine ta a bayan ɗaki.

Da zama ya ƙi, wani ɗan uwansa ya samo masa gadin rana a gidajen Turawan Italiya masu aikin dam, muka koma Talata Mafara muka kama ɗaki. Baturen da yake wa gadi injiniya ne mai sanƙo, rana ta gasa shi ya yi ja. Kullum in ya taso aiki da la'asar sai ya fito baranda da ɗan teburinsa, ya sa tabarau, ya zauna haɗa 'yan ƙananan motoci. Wai irin motocin tsere ne na ƙasarsu, na zamanin yana yaro, marasa rufi, masu kujera biyu. Malam zai dawo gida ya ba ni labari tiryan-tiryan, yau an manna ƙafa, yau an sa fitila. Ni kuwa in ce ikon Allah, ƙato da furfura ya ƙetaro teku ya zo wasan yara. Yaranmu da karan dawa suke yin tasu, su tura ta kwana biyu su karya, kowa ya huta.

Malam ya ce ban gane ba. Ya ce ba haɗin ne ya kama shi ba, yadda mutumin yake sa launi ne. Ba ya laɓta fenti gaba ɗaya. Zai shafa siriri ya bari ya sha iska, gobe ya ƙara, jibi ya ƙara, har jan ya yi zurfi. Haka marini yake yi, a tsoma a ɗaga, a bar zane ya sha iska, a sake tsomawa. Ba su jin harshen juna, amma wata rana Baturen ya kama hannun Malam ya juya shi yana kallon shuɗin, ya shiga ciki ya yi ta fito da 'yan gwangwanayen fentinsa yana karawa, bai samu wanda ya yi daidai ba. Malam ya yi mako yana ba ni wannan labari.

Da aikin Baturen ya ƙare zai koma gida, sai ya ba Malam kwalin mota guda wanda bai taɓa buɗewa ba, da ɗan gwangwanin jan fenti, da burushi, da gam. Malam ya buɗe ya taɓa, ya ji abin ba ƙarfe ba, ba itace ba, ba roba ba. Ya sa kukun gidan ya tambayar masa da me aka yi shi. Kukun nan mutumin kirki ne, amma Turancinsa na kicin ne, Hausarsa ta bariki. Baturen ya faɗi wata kalma, kuku ya sosa kai. Sai Baturen ya je jikin bishiya ya nuna da yatsa kamar wani abu yana tsattsafowa daga ɓawo yana daskarewa. Kuku ya ce a'a to, ƙaro ne, ƙaron ƙasarsu.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kuma a ƙasarmu wa bai san ƙaro ba? Da shi ake haɗa tawada, da shi ake ƙandarar da hula. Ka jiƙa shi da yamma, da safe ka tarar ya zama ruwa. To tun a hanya Malam ya yanke hukunci. Yana shigowa, kafin ma ya gaya mini cewa gadin ya ƙare tunda maigidan ya tafi, sai da ya kafa doka cewa ko ɗigon ruwa kada ya kusanci kwalin nan. Ya sa na matsar da randata zuwa ɗaya kusurwar. Na tambaye shi ko ni ma in fita, tunda ina yin zufa. Bai yi dariya ba.

Gaskiya kuma a faɗe ta, farkon aikin ya yi mana daɗi. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a ƙofar ɗaki da hantsi, ya jera gutsattsarin. Gangar jikin motar launin ƙullun ƙosai ce. Akwai ƙafafu masu wayoyi sirara fiye da zare, da sitiyari da bai kai farcen ɗan yatsana ba, da wata takarda mai zane da ke nuna inda kowanne yake zama. Da reza yake kankare ɓarɓashin da ke gefe-gefe, da matsefata yake ɗaukar ƙananan, yana riƙe numfashi. Ya haɗa ƙasan motar tsaf, da kujeru da komai. Wata rana fitila guda ta suɓuce ta faɗa cikin yashin ɗaki. Da rariyata ta tankaɗe muka tankaɗe yashin nan kaf, ina yi ina masifa, ina cewa matan mutane suna tankaɗen gari ni ina tankaɗen ƙasa. Da ta fito a cikin rariyar, Malam ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariya tun muna ƙauye.

Ana cikin haka kawuna ya zo cin kasuwar Talata ya biyo ta gidanmu. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ne babba a karofin Bakura. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani tsoho cikinsu ya rasu, raminsa yana nan ba magaji. Karofin nasu ma ya ragu, saura 'yan ramuka, kuma rami in ya daɗe a bushe tsagewa yake yi. Ya ce Malam ya zo ya karɓa, ba ya son ramin ya mutu alhali ga marini yana zaune. Ni ina bayan ƙofa, saura kaɗan in yi guɗa.

Malam ya yi godiya sosai, ya ce yana nan tafe, akwai ɗan abin da yake so ya ƙarasa, fenti kawai ya rage. Kawu bai gane ba, ni na gane. Damina biyu Malam bai tsoma hannu a rami ba. Shuɗin ya bar hannunsa, sai ɗan abin da ya maƙale a gefen farce, kuma na sha kama shi yana kallon tafinsa. Tsoro yake ji ya je gaban marina 'yan uwansa ya ji kunya. So yake ya gwada hannun a kan ƙaramin abu, a cikin gida, inda ba mai gani sai ni. In launi ya kama a motar nan, zai ɗauki muciyarsa ya tafi Bakura. Na ce a raina to, kwana nawa ne, a yi a gama.

Ranar da ya buɗe jan fentin na bar dakana na zo kallo. Ya yi bisimilla, ya ja burushi a kan hancin motar. Fentin bai kwanta ba. Sai ya tattare ya yi ɗigo-ɗigo, kamar ruwa a ƙwaryar da aka ci man shanu. Malam ya tsaya. Ya shafa inda bai taɓa ba da babban yatsa, ya murza, ya ce akwai santsi a jikinta.

"Da tufa ta, da na wanke ta da ruwan toka," in ji shi. "Amma ƙaro na. Ruwa na cinye ta."

Ya goge da tsumma. Wanda ya ƙi fita ya sa kananzir ya cire, ya bar ta ta sha iska. Washegari ya sake, haka. Ya ce ko zafi ne, ya koma inuwa. Ya ce ko burushin ne, ya yanko gashin wutsiyar akuya ya ɗaura nasa. Ya tsinka fentin, ya kaurara shi. Wani lokaci sai ya yi kamar ya kama, mu kwana da murna, da ya bushe Malam ya sa farce a gefe sai ya ɓantalo kamar ɓawon albasa. Gwangwanin Bature ya ƙare. Ya je kasuwa wajen masu gyaran keke ya samo wani jan, shi ma bai canza zani ba. Da damina ta faɗi sai ya naɗe motar a fata ya rataye can saman ɗaki, ba ya sauko da ita sai ranar da gari ya bushe.

Marina suna da wata magana tsakaninsu, wai hannu yana mutuwa. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, bai sake komai a haɗinsa ba, sai rami ya daina nuna masa, zane ya daina kamawa. In ya taɓa ramin wani ma ya lalace. Malam ya taɓa ba ni labarin wani abokin ubansa da hakan ta same shi, ya ƙare yana saƙar zana. Da can labari ne na hira. Yanzu sai na ji ya fara kawo shi ba gaira ba dalili, muna cin abinci, ko yana alwala.

Na yi faɗa, Allah ya sani na yi. Na ce masa fenti ba baba ba ne, mota ba zane ba ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ya ce launi launi ne. Bature da bai taɓa ganin karofi ba yana shafawa launi ya zauna, shi da aka haifa a bakin rami ya kasa. Na ce to ka je Bakura ka gwada a ramin gaske mana. Ya ce ya je ya kashe wa mutane 'yan ramukan da suka rage musu? Na yi lallashi, na yi gori, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Malam ba mai hayaniya ba ne, kuma irinsu sun fi wuyar juyawa. Kina kumfar baki yana kallon ƙasa, in kin gama ya ce Allah ya ba ki haƙuri.

Kawu ya sake zuwa, ya aiko kuma. Daga ƙarshe Malam ya shirya da kansa ya tafi Bakura, na ga ya ɗauki muciyar. Zuciyata ta yi fari, na ce Allah ya karɓi addu'ata. Da la'asar ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya gaya wa Kawu a ba wani ramin, ya kuma bar musu muciyar, tunda itace mai kyau bai kamata gara ta ci shi a bayan ɗaki ba. Na ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ni ma ban ci ba, na shiga bayan gida na yi kukana.

Bayan nan ya shiga leburanci a bakin kanal, magudanar da ke kai ruwan dam gonaki, inda ake yasar laka. Lokaci ne da mutane suke da abin kuka na gaske. Akwai gidajen da mazansu suka fita kan zancen gonaki ba su dawo ba, kuma wannan ba nawa ba ne in ba da labarinsa. Kunya ta hana ni gaya wa kowa cewa ni abin da ke cin gidana motar wasa ce. Nawa mijin yana dawowa kullum, da laka har gwiwa, ya yi sallah ya zauna shiru. Motar tana rataye, ya daina sauko da ita, amma bai yarda a taɓa ba.

Wata Talata na haɗu da matar Kawu a kasuwa wajen masu daddawa. A tsaye ta gaya mini, tana zaɓar kayanta, cewa ramin nan ba wanda ya karɓa. Ya tsage, yara suka mai da shi juji, aka cike shi da ƙasa kada akuya ta faɗa. Kawu ma ya ce bana ce ta ƙarshe gare shi, babu baba, babu masu kawo saƙi, kowa ya koma atamfa. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ban san yadda na iso gida ba.

Dama na bar ruwan wanki a wuta. Na juye shi a baho, na kaɗa sabulun salo har ya yi kumfa. Sai na taka turmi na sauko da fatar nan. Na zaro gangar jikin motar, duk ta yi dabbare-dabbare da ragowar ja, na jefa ta cikin ruwan. Ban tsaya nan ba, na sa soso na dirje ta ciki da waje, ina ce mata narke, 'yar banza, narke mu huta. Ruwa ya ci gidanmu, ya ci karofi, ya ci kabarin uwata, ke wace ce da ba zai ci ki ba? Na danna ta ƙasa, na jibga kayan wanki a kanta, na yi wankina. Niyyata in ya dawo in nuna masa bahon in ce ga motarka nan, sha.

Da na gama, sabo ya sa na tuntsurar da ruwan, sai na ji wani abu ya yi ƙwas a ƙasa. Tana nan. Ko gefenta bai ci ba, 'yan layukan ƙofa da na hanci duk suna nan, ta ma fi da kyau. Na daɗe a tsugune ina kallonta. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauraye ta na ɗora a kan danga tare da sauran shanya.

Malam ya shigo da la'asar, idonsa ya faɗa kanta tun daga zaure. Ban jira ya tambaya ba. Na miƙe na riƙe ƙugu na ce ni ce, a ruwan zafi na sa ta, da sabulu, da soso, kuma so na yi ta narke. Na shirya wa faɗa, har ina fatan a yi shi. Bai ko dube ni ba. Ya wanke hannunsa ya goge a riga, ya ɗauke ta, ya murza babban yatsa a kan hancinta. Daga inda nake na ji ɗan ƙaran da ta yi, ƙiiƙ, irin na kwanon da ya wanku. Ya sake murzawa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da ragowar fentin masu keke da burushinsa na gashin akuya, ya zauna a ƙofa da lakar kanal a ƙafarsa. Ya ja layi ɗaya. Fentin ya kwanta lumui, ya bi jikinta.

 Ya shafa siriri ya ajiye. Washegari da ya dawo daga aiki ya ƙara, haka jibi, haka gata. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, kana kallonsa kamar za ka tsoma yatsa a ciki. Ranar da ya yi shafin ƙarshe ya bushe, ya sa farce a gefe ya gwada, ya ƙara dannawa da ƙarfi. Ko gezau.

Nan fa murna ta kwashe ni, na manta da abin da na jiyo a kasuwa. Na ce ka gani? Ka gani, Malam? Ba ƙaro ba ne, maiƙo ne kawai a jikinta, kai ma ka faɗa tun ranar farko. Hannunka lafiyarsa lau, bai taɓa mutuwa ba.

"Awo," ya ce. "Na gani."

Ya juya motar a tafinsa. Sai ya ce ya ji an cike ramin Bakura, tun kafin in ji ya ji, wani ɗan garin da suke yasa tare ya gaya masa. Ya faɗa a hankali, kamar yana ba ni labarin wani.

"Da kin bar ni da zancen hannu," ya ce. "Hannu in ya mutu, Allah ya amshi abinai, sai mutum ya yi haƙuri. Na riga na yi haƙurin. To yanzu ga shi da rai. Mi za ni yi da shi?"

 Na zauna kusa da shi a dokin ƙofa har aka kira magariba. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ranar da muka bar ƙauye, don wancan kowa ya ji shi tare da mu.

Bai haɗa gangar jikin da ƙasanta ba, ko a ranar ko bayanta. Da gari ya waye ya ɗauki shebur ɗinsa ya tafi kanal.